Daminar da Na Koya wa Ɗan Dambe Carafke

Abubuwa da yawa na ƙuruciyata sun zube mini a hanya. Har sunayen wasu da muka zauna benci ɗaya da su a aji, sai na yi dogon tunani kafin su dawo. Amma daminar da aka zaunar da ni a kan tabarma aka ce in koya wa yayana carafke, wannan kam ba na jin akwai ranar da za ta fita daga kaina. A lokacin ina aji biyu na ƙaramar sakandare a Birnin Kudu, shekarata goma sha uku. Shi kuwa yayan nawa ƙato ne ɗan shekara ashirin da biyar, ɗan dambe, wanda sai ya sunkuya yake shiga zaurenmu.

Gidanmu gidan fawa ne. Mahauci ne babanmu har Allah ya karɓi ransa, kuma kowa ya san fawa da dambe tare suke tafiya. Yaya ya gaji teburin nama a kasuwa, amma bai daɗe a kansa ba ya bar wa wani ɗan baffanmu, ya ɗauki dambe sana'a. Yau yana Kano, gobe yana Abuja, wani zubin har Legas, kuma da abin da ya samo a fage ake ɗora tukunya a gidanmu. Hannunsa na dama ake naɗewa da zare, shi ne na duka, na hagu kuma a buɗe yake miƙa shi gaba, shi ne garkuwa. Duk wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa sai a ce an kashe shi, ko da ya tashi yana dariya.

Shekaru Yaya ya yi ba kasafai ake kashe shi ba, sai ga wani bahago ya kashe shi sau biyu cikin wata uku. A na biyun naushin ya same shi a gefen ido na dama, ya faɗi bai tashi ba, sai a asibiti ya farfaɗo. Ya dawo gida da ɗinki a gira. Innarmu ba mai yawan magana ba ce, a wajenta na gado. Ta bari sai da ciwon ya warke, sannan wata safiya yana shan koko ta ce masa ta gaji da zaman jiran labari. Ya yi ta ba ta haƙuri, ya ce an riga an sa musu wasa shi da bahagon a garin Sara bayan girbi, makaɗa sun ji, duniya ta ji, in bai je ba ko a bakin teburin nama ba zai ƙara ɗaga kai ba.

"Je ka," in ji Inna. "Amma in hannunka ya taɓa ƙasa a Sara, ka kawo mini zaren nan. Dama igiyar shanyata ta tsinke."

Yaya ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Mu da muke gidan mun san Inna ba ta maimaita magana.

Akwai ƙanen kakanmu na wajen uwa da ke zaune a wani ƙauye kusa da Dingaya, Baba Tsoho muke ce masa. A zamaninsa ɗan dambe ne da makaɗa suka yi wa take, amma da na san shi yanar ido ta riga ta kama shi, mutum kamar inuwa yake ganinsa, da takun ƙafa yake gane kowa. Wajensa Yaya ya yanke shawarar zuwa ya ƙarasa damina. Ni kuma an yi dogon hutu, Inna ta ce in bi shi in taya Iya, matar tsohon, aikin gida. Mota ɗaya muka shiga zuwa Gwaram, daga nan babur ya kai mu.

Yaya ya saba da horon birni, inda ake dukan buhun yashi, a ɗaga ƙarfe, a ja taya. Da ya tsuguna gaisuwa, Baba Tsoho ya lalubi dantsensa ya matsa, sannan ya ce wannan duk nama ne, ya kai teburinsa ya sayar. Wasan jika da kaka ne, amma rabinsa gaskiya yake nufi. Ya karɓe jakar zaren ya sa Iya ta jefa ta cikin rumbu, ya ce ba zai daki komai ba sai ranar da aka ce ya daka.

Abin da ya biyo baya, ni dai ban taɓa jin an ce haka ake horon ɗan dambe ba. Da an idar da sallar asuba Yaya zai tafi rijiya ya ja ruwa da hannun hagu kaɗai, yana take igiyar da ƙafa in zai sake kamu, har sai tulunan gidan da na maƙwabta sun cika. Daga nan a ɗora masa ƙwarya cike da ruwa a ka, ya bi kan kunya a gonar dawa da baya da baya. In ya dawo tsohon ya tsoma yatsa a ƙwaryar, in ruwan bai kai inda ya sani ba a sake cikawa. Da hantsi a saki zabin Iya a ce ya kamo guda, kuma kada gashi ɗaya ya fita daga jikinta. Wanda ya taɓa bin zabuwa ya san abin da ake nufi. Ran da rafi ya kawo ruwa kuma, can ake kai shi ya tsaya a tsakiya da ƙafa ɗaya, yashi na zamewa a ƙarƙashinsa. Baba Tsoho ba ya bayani. Sau ɗaya na ji ya ce ƙafa ce ke dambe, hannu ɗan aike ne, daga nan bai ƙara ba.

Ni ba ruwana da wannan duka. In na gama wanke-wanke da shara, bayan rumbu nake komawa da tsakuwoyina guda bakwai da na tsinto a bakin rafi. Ban iya shiga cikin 'yan matan ƙauyen ba, ko a makaranta ma bencin ƙarshe ne nawa, in malami ya kira sunana sai muryata ta maƙale. Carafke kuwa wasa ne da ba ya bukatar magana. A jefa ɗaya sama, a kwashi na ƙasa, a cafe ta kafin ta sauko. Da ɗai-ɗai, sai bibbiyu, sai uku-uku.

Wata rana bayan azahar tsohon yana kishingiɗe a gindin darbejiya, ashe ya daɗe yana saurarena.

"Amarya, zo nan da duwatsun nan naki. Tun ɗazu ban ji ko ɗaya ta faɗi ba."

Na zo ina ɓoye hannu a hijabi. Ya sa na yi a gabansa, ya karkata kai yana ji. Sai ya aika a kira Yaya, ya ce daga yau kullum bayan la'asar zai zauna in koya masa, kuma da hagu zai yi. A ganin tsohon, bahagon ya samu hanya ne saboda garkuwar Yaya barci take yi.

"Baba, carafke fa ka ce," in ji Yaya. "Wasan 'yan mata."

"To ai 'yan matan ba a kai ko ɗaya asibiti ba. Zauna."

Labari ya zaga ƙauye kafin magariba. Matan maƙwabta suka riƙa samun dalilin shigowa aron rariya da la'asar, Iya kuwa ta ce ranar kasuwa za ta sayo masa ɗankwali da lalle tunda abin ya zama haka. Yatsunsa kamar rogo, da farko in ya kai hannu sai ya watsa tsakuwoyin gaba ɗaya. Amma jikinsa jikin mai koyo ne, nan da nan ya fara kwasar bibbiyu. Sai dai bai daina yarwa ba. Zai yi sau shida, bakwai lafiya lau, sai a ji tsakuwa ta bugi ƙasa. Baba Tsoho da kunne yake kallo. Duk wadda ta faɗi sai ya ce, "Guga biyar," wato an ƙara masa biyar a kan na gobe da asuba.

A kwana na huɗu na ga abin. Gaba da gaba muke zaune, kuma ni tun ina ƙarama ba na iya haɗa ido da mutum, amma in hankalinsa na wani wuri sai in ƙare masa kallo. In tsakuwar ta tashi sak, ko ta karkata hagu, Yaya na cafe ta ko bai duba ba. Amma in ta ɗan karkata dama, ta sauko ta gefen tabon nan na girarsa, sai idanunsa su rufe. Ƙiftawa ce kawai, tare da ita kuma wuyansa ya ɗan fizga baya kamar wanda ƙuda ya taɓa wa kunne. Kafin ya buɗe, hannun ya riga ya damƙi iska.

Na ce ko idona ne. Da nawa yin ya zo na saki wata da gangan ta yi gefen damansa, ya rufe. Washegari kaza ta tashi fir ta damansa, ya rufe. Iya ta kakkaɓe tabarma ta hagunsa, ko gezau bai yi ba. Ashe hannun lafiyarsa ƙalau. Naushin bahagon ne bai gama sauka ba, yana nan a gefen fuskarsa, shi kuma bai sani ba, don mutum ba ya ganin ƙiftawar idonsa. Tsohon da zai gane da kallo ɗaya ba ya gani, matan da ke leƙe kuma hannun suke kallo suna dariya.

Kwana tara na yi da wannan magana a ciki. Yanzu da na girma nakan tambayi kaina dalili, kuma na samu ba ɗaya ba ne. Akwai kunyata ta kullum. Akwai kuma cewa ba a faɗa wa ɗan dambe yana rufe ido, daidai yake da a ce masa matsoraci, balle daga bakin ƙanwar da ya goya. Sai na ukun, wanda na fi daɗewa ban yarda da shi ba. Na ga Inna ranar da aka dawo da shi daga asibiti, na ga yadda ta shiga ɗaki ta daɗe tana gyaran gadon da yake a gyare. Wani ɓangare na zuciyata cewa yake, bar shi ya faɗi a Sara, ya kawo zaren, kowa ya huta. Ban tsaya na yi tunanin irin faɗuwar da mai rufe ido ke yi ba, ko cewa ba kowace ake tashi ba.

Cikin kwana taran nan jan ruwa sai ƙaruwa yake. Tafin hannun Yaya ya ɗuri ruwa, ya fashe, ya sake ɗura. Kafaɗar ta kumbura, kullum da yamma Iya na gasa masa da ruwan zafi tana shafa man kaɗanya, tana mitar za a kashe mata jika a kan tsakuwa. Shi bai taɓa ƙorafi ba, ya yarda hannunsa ne ya ci amanarsa. Ni kuma kowace la'asar in zauna a gabansa, in ga idon ya rufe, in ji an ce guga biyar, in sunkuyar da kai.

Daga ƙarshe Baba Tsoho ya ce hannun nan ya fi ƙarfin guga, sai an tsaga shi an sa magani. 'Yan dambe na yin haka, dantsen Yaya na dama ma jere yake da tsofaffin tabon tsaga. Amma Iya ta ce a kumburen nan da hannun yake, in aka sa masa aska sai ya yi mako biyu bai ɗaga shi ba. Tsohon bai saurare ta ba, ya aika wa wanzami.

Da hantsi ya zo da zabirarsa a kafaɗa. Aka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, Yaya ya tuɓe riga ya miƙa hannu a kan turmin da aka kifa. Ina bakin murhu ina tsintar wake. Na ga wanzamin ya fiddo aska yana wasawa, na ga ya kama dantsen ya latsa wajen kumburin, Yaya ya ciji leɓe. Har yau ban san lokacin da na miƙe ba. Na dai ji muryata, 'yar siririya, kamar ta wata.

"Ba hannun ba ne."

Ba wanda ya ji sai tsohon. Ya ɗaga hannu, wanzami ya dakata.

"Me kika ce, amarya?"

"Ba hannun ba ne, Baba. Ido yake rufewa. In abu ya zo ta dama."

Yaya ya juyo ya yi mini irin kallon da bai taɓa yi mini ba. Ya ce yarinya ce, ba ta san abin da take faɗa ba, shi da ya tsaya gaban maza a Legas ne zai rufe ido don tsakuwa? Baba Tsoho ya ce Iya ta matso, wanzami ma ya ajiye aska ya zuba ido, ni kuma in tsaya taku uku in jefi fuskar yayana da waken da ke hannuna, ɗaya ta hagu, ɗaya ta dama.

Na jefa ta hagu. Waken ya bugi kuncinsa, idanunsa a buɗe tar, yana hararata. Na jefa ta dama.

"To, kun gani," in ji Yaya. "Ban rufe ba."

Wanzamin ya dubi Iya, Iya ta dubi ƙasa. Wanzamin ne ya yi ta maza.

"Wallahi ka rufe, samari. Har wuyanka ya tafi."

Aka sake sau uku, sau uku yana rufewa. Sau biyu ya rantse bai rufe ba, kuma na tabbata ba ƙarya yake yi ba. A na ƙarshe ya ɗauki rigarsa ya nufi rafi. Baba Tsoho ya ce ashe jakin ya bari yake ta dukan taiki. Ya sallami wanzamin da ƙwan zabi don kada ya koma hannu rabbana. Sai ya juyo wajena ya tambaye ni tun yaushe na gani. Na ce kwana tara. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, guga nawa ke nan, in faɗa wa kaina tunda ni ce 'yar boko. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Kwana uku Yaya bai yi mini magana ba, in na kai masa abinci sai ya kau da kai. A na huɗu ina bayan rumbu, ko tsakuwar na kasa taɓawa, sai ga shi da ƙwarya cike da ruwa. Ya dire ta a gabana ya zauna ya tanƙwashe ƙafa.

"Baba ya ce ki watsa mini," ya ce, bai kalle ni ba. "In na rufe ki faɗa. Kada ki ji tausayina, kin ji ko? Na ga inda tausayinki ya kai ni."

Daga ranar aikina ya canza. In tsoma yatsu a ruwa in watsa masa ta dama, in ya rufe in ce, "Ka rufe." A makon farko na faɗi hakan fiye da duk maganar da na yi a zangon karatu guda. Daga ruwa aka koma wake, daga wake aka koma ƙwallon goruba da tsohon ya sa aka huda aka rataya a reshen darbejiya, in ja shi baya in saki ya nufo gefen fuskarsa. Dokar ita ce ya bi shi da ido har ya iso, sannan ya kauce, ba kafin nan ba. Goruba ta fasa masa leɓe sau biyu. Iya ma ta shiga ciki ba a gayyace ta ba, tana wucewa da muciya sai ta ɗaga ta ta damansa kamar za ta maka masa, ta tambaye ni daga nesa, "Ya rufe?" Wata rana ya wuni bai rufe ba, washegari abin ya dawo kamar ba a taɓa yin komai ba. Sai a makon ƙarshe aka fiddo zaren daga rumbu.

Da hutu ya ƙare muka dawo Birnin Kudu tare, don tsohon ya ce abin da ya rage ba nasa ba ne, na mai ido ne. Muka rataya gorubar a mangwaron tsakar gidanmu. Kullum na dawo daga makaranta, kafin in tafi islamiyya, sai mu yi. Inna na kallonmu daga bakin ɗaki, ta gane sarai da hannuna ake ƙoƙarin hana ta igiyar shanya. Wata rana ina taya ta tankaɗe ta ce, ba tare da ta dube ni ba, ashe ni ma bayansa na bi. Sai can na samu bakin ce mata ko na taimaka ko ban taimaka ba zuwa zai yi. Bayan kwana biyu, tana shirin alwala Yaya ya zo wucewa, sai ta watsa masa ruwa ta gefen dama ba zato. Ya tsaya cak yana kallonta, ruwa na bin fuskarsa, idanu a buɗe. Ta yi alwalarta ta gama, sannan ta ce in dai tafiyar ba fashi, gara ya je da idonsa.

An yi wasan a Sara bayan an yanke dawa, da la'asar. Ban je ba, yarinya kamata ba ta zuwa fagen dambe. Inna ta wuni tana ayyukan da ba su da gaggawa. Kafin magariba aka kira wayar maƙwabcinmu aka ce an tashi babu kisa, turmi uku aka yi, wato zagaye uku, kowa na kan ƙafarsa. Inna ta ce alhamdu lillahi, ta shiga ɗaki.

Washegari da hantsi ya dawo da abokansa, leɓe a kumbure. Suka cika zaure da surutu, wasu na cewa wasan bai yi armashi ba tunda ba a ga kisa ba, wasu na cewa da an ƙara turmi ɗaya da bahagon ya sha ƙasa. Yaya ya gaida Inna, sannan ya karɓi wayar abokinsa da ya ɗauki wasan, ya kira ni. A gaban mutanen nan duka ya miƙo mini.

"Duba mini."

Hoton na rawa, mai ɗauka yana tsalle, kalangu ya cika ko'ina, ba a ganin idon kowa sosai. Amma ni wuyan nake kallo. A turmi na biyu na ga bahagon ya kawo wannan naushin nasa ta dama, na ga Yaya ya bi shi da fuska har ya iso, sannan ya sunkuyar da kai ya ba shi kafaɗa. Ya yi taga-taga, ƙafarsa ta baya ta kafe kamar ranar da yake tsaye a tsakiyar rafi, hannunsa bai sauka ba. Na ce a mayar mini farko. Samarin suka yi dariya, wani ya ce yau kuma alƙaliya aka samu. Na sake kallo har ƙarshe.

"Sau ɗaya," na ce. "A turmin farko, da kuka fara haɗuwa."

Yaya ya gyaɗa kai. Ya ce shi ma ya ji a jikinsa, kuma wannan ne karo na farko da ya taɓa ji.

Ya ƙara shekara huɗu yana dambe. Ya yi kisa, shi ma an kashe shi wani lokaci, amma ba a sake ɗauko shi daga fage a sume ba. Inna ba ta ƙara tada maganar zare ba, alƙawarin na Sara ne, kuma ya cika. Ranar da ya gaji ba wanda ya ce ya bari, da kansa ya kawo zaren ya ɗaura mata shi daga mangwaro zuwa ƙusar bakin ɗaki. Yana nan har yanzu, a kansa nake shanya in na je gida. Baba Tsoho bai kai wannan ranar ba.

Na daɗe ina ɗaukar shiruna a matsayin tarbiyya, kuma sau da yawa haka ɗin ne. Amma daminar nan ta nuna mini akwai shirun da wani ne ke ɗaukar nauyinsa. Nawa Yaya ne ya ja shi daga rijiya, guga bayan guga, kwana tara. Duk ƙarfin mutum, akwai abin da ke jikinsa da ba zai taɓa gani da kansa ba, sai wanda ke zaune a gabansa. In Allah ya sa kai ne a gaban, ka faɗa da wuri, ko da muryarka na rawa, tun kafin a wasa aska.